Garin da Tsinke Yake Sha

"Baba tela, zo ka riƙe masa kai! Kada ya bugi siminti!"

Muryar uwarsa ce. Na yar da almakashi na fito a guje, na tarar da Tsinke a zube gefen famfo, buroshin goge baki a hannunsa. Saurayin da ke ɗaga keken ɗinkina shi kaɗai, ga shi ya kasa ɗaga kansa.

Shekara goma sha ɗaya ɗakinsu yana kallon nawa a gidan hayar nan, shi da uwarsa mai shara a makarantar firamare. Saboda rama muke ce masa Tsinke. Yakan yi dariya, ashe abin yana cinsa a rai. Yana gama sakandare ya shiga wurin ɗaga ƙarfe a bayan gareji, inda wani da suke kira Koci ya ce zai sa shi a gasa.

Ni nake auna shi. Cikin wata bakwai damtsensa ya tashi daga inci goma sha ɗaya zuwa sha shida.

"Kai Tsinke, wannan jikin na Allah da Annabi ne kuwa?"

"Haba Baba, gari ne kawai kamar madara, da 'yan ƙwayoyi. Koci ne ya ba ni."

Ya ɗauko mini wata farar roba. Na juya ta gaba da baya.

"Ina rubutun jikinta?"

"Ai na asalin ba ya zuwa da rubutu."

Dariya na yi, na ce ya kusa ƙarar mini da yadi. Har yau wannan dariyar ba ta bar ni ba.

Na ga idonsa ya yi rawaya, na ce ko zazzaɓi ne. Na ga ƙafarsa ta kumbura, ya ce tsoka ce. Da ya gaya wa Koci yana jin jiri, cewa ya yi jiki ne ke sabawa, ya ƙara cokali.

Ranar da ya faɗi muka kai shi asibiti, likitar ta daɗe tana sansana robar.

"Me ke ciki?"

Ba wanda ya sani.

"Ƙodojinsa sun tsaya, hantar ma ta taɓu. Yaushe ya fara sha?"

Uwar ta dafa bango. "Likita, ni nake dama masa. Kullum da safe, da hannun nan nawa. Har cewa nake ya shanye kada ya rage."

Kwana tara ya yi. Jikin ya zube kamar an zare masa zare, sai ciki da ƙafafu da suka cika da ruwa. A rana ta takwas ya yafito ni.

"Baba tela, damtsen ya sauka ko?"

"Yana nan."

"Ƙarya kake, Baba." Ya ɗan murmusa. "Ka ce wa Mama ba laifinta ba ne. In ni na faɗa kuka take yi."

Washegari da hantsi, uwar ta fita ɗebo ruwan zafi. Kafin ta dawo ya cika. Shekararsa goma sha tara.

Bayan sati guda na rufe shago na tafi bayan gareji. Kiɗa na tashi, ƙarafa na ƙara. Koci ya sauke murya.

"Allah ya jiƙansa. Amma kowa a nan yana sha. Jikinsa ne bai karɓa ba."

Na juya ga samarin da ke kaɗa farin ruwa a gorunansu. Na ce da idona na ga yadda abokinsu ya ƙare. Suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya ce, "Mun ji, Baba." Ban kai ƙofa ba na ga ya kafa kai yana sha.

Na isar wa uwar da saƙon ɗanta. Ta dube ni kamar da wani yare na yi magana. Ta daina zuwa aiki, sallama ma da ƙyar take amsawa.

Jiya ta wanke takalmansa na gudu, ta zare igiyoyin ta wanke su daban, ta jera a kan katanga. Da yamma hadari ya haɗo, matan gida suka kwashe shanyarsu. Tana zaune a bakin ƙofa, hannuwanta a cinya, tana kallon ruwa yana cika takalman.