Ranar da Aka Yi wa Mai Walda Walda

Shekara talatin Ustad Rafaqat yana walda a Gujranwala ta ƙasar Pakistan, kuma duk tsawonsu bakinsa bai rabu da taunar ganyen pan ba, wanda ake taunawa a can kamar goro. Da dasashinsa ya fara jini, ya ɗora wa buroshi laifi. Da haƙoran suka fara girgiɗi, matarsa Shagufta ta tasa shi gaba har wurin likitar haƙori.

Likita Mehwish ta leƙa bakin, ta girgiza kai.

"Kawu, cutar ta shige ƙarƙashin dasashi. Sai na ɗaga naman, na kankare dattin da ya daskare a saiwar haƙori. Sannan in bi wurin da hasken leza ya ƙone ruɓaɓɓen nama da ƙwayoyin cuta, in ɗinke."

"Wuta ke nan?"

"Haske ne, siriri kamar gashi."

"'Yata, ni da wuta mun san juna. Wannan walda ce."

Shagufta ta ce, "To, Baban Nimra, yau kai ne ƙyauren. Kwanta."

Aka yi masa allurar kashe zafi, aka ba kowa baƙin tabarau. Ya juya nasa, ya ce na shagonsa ya fi kauri. Amma da ya ji ƙarar ƙarafa a faranti, sai ya laluba ya damƙe gefen mayafin matarsa. Can ƙauri ya daki hancinsa. Ya so ya ce a rage wuta, ga baki cike da auduga, sai gurnani.

"Me ya ce?" in ji likita.

"Yabon aikinki yake yi," in ji Shagufta.

Da aka gama ya karɓi madubi, ya daɗe yana duban ɗinkin.

"Hannunki ba ya rawa," ya ce da kumburarren leɓe. "Da a shagona kike, wata uku kin ƙware."

"Na gode, Kawu. Pan kuma kun yi sallama. Sati guda daga kindirmo sai shinkafa ruwa-ruwa. Aikin ɗaya gefen bakin sai bayan sati uku."

"Au, da saura?"

Ya koma, wannan karon da ƙafarsa. Haƙori ɗaya bai tsira ba, sauran suka zauna daram, jinin ya tsaya. Daga nan ya tsiri zama kan bencin mai sayar da pan na unguwa, duk wanda ya zo saye sai ya ce, "Buɗe baki mu gani." Kwana goma mai pan ya yi yana haƙuri, masu saye na guduwa, sannan ya aiko wa Shagufta da roƙo: don Allah a samo wa Ustad wani wurin hira.