Ƙwayar da Na Daka wa Eduvigis

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina saran rake a gonakin El Seibo, ba a taɓa ciccibo ni daga gona ba. Adda ta cinye min yatsu biyu, na ɗaure da yagin rigata na ƙarasa layina. Guguwar da ta kwashe rufin unguwarmu a saman ɗakina ta same ni, na danne kwano da ƙirji har ta gaji ta wuce. Ban taɓa zama a aji ba, amma ku tambayi kowa wane ne Eleuterio. Wanda ciki ya murɗa wa, ƙofata yake zuwa, in tsinko ganye in daka masa. Ni a sanina, magani sai ya sha taɓarya yake ba da abin da ke cikinsa.

Matata Eduvigis ce kaɗai ba ta taɓa sara min ba. "Tsoho," takan ce, "da da baki ake saran rake, da kai ke da kamfanin sukari."

Bara hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Ƙafar hagu ta daina ɗaukarta, amma bakin nan ko gezau. Asibiti suka sallamo ta da wata ƙwaya mai ruwan hoda, mai tauri kamar maɓallin riga, ɗaya kullum da safe. Ni ke ba ta, ni ke tayar da ita, ni ke zubar da fo.

A cikin fon na fara ganin abin. Ƙwayar ce sukutum, yadda ta shiga haka ta fito. Kwana huɗu ina tonawa da tsinke, kullum tana nan.

"Tsohuwa, abin nan ba ya narkewa a cikinki. Tsakuwa suke ba mu."

"Iye, likitan kashi! Yaushe aka ba ka takardar?"

"Takarda ta san ciki? Wake ma in bai dahu ba haka yake fitowa."

"Ni dai ina jin daɗin jikina. Ka ƙyale min ƙwayata."

Ban ƙyale ba. Ran Laraba da safe na wanke ƙaramin turmin tafarnuwa na jefa ƙwayar ciki. Ta yi min gardama, tana zillewa, sai da na sa ƙarfi ta fashe. Na cuɗa garin a dakakkiyar ayabarta, na zuba soyayyar albasa a kai yadda take so. Ta cinye tas. Ni kuwa ina ta murmushi, ina jira a kwana biyu in ga ta miƙe da ƙafarta, sannan in gaya mata aikin wa ne.

Ban gama wanke kwanuka ba ta kira ni. Fuskarta ta yi jawur, gumi na tsiyaya. "Eleuterio, ɗakin nan juyawa yake." Rabon da ta kira sunana har na manta. Na shafa mata barasa a wuya, na shaƙa mata kafur, na yi mata fifita da hulata. Kanta ya langaɓe a kafaɗata. Maƙwabcinmu Wenceslao ya kawo babur, muka sa ta a tsakiya, ina riƙe da ita ina kiranta har bakin asibiti.

Nas ɗin da ta fito wurina Yuderka ce, 'yar wani da muka yi sara tare. Ta tambaye ni me ta ci, me ta sha. Na gaya mata duka, har da ɗaga murya, don su san an gano tsakuwarsu.

Ta shiga ta fito da ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ta ja ni bakin taga.

"Baba Eleuterio, ka ga wannan 'yar hudar?"

Ni da nake hango maciji a cikin rake daga taku ashirin, ban ga komai ba.

"Akwai ta. Ɓawon nan da gangan aka yi shi don kada ya narke. Maganin yini da kwana ne a ciki, ta hudar yake tsattsafowa kaɗan-kaɗan, daga safiya zuwa safiya. Abin da kake gani a fo, fanko ne. Kai kuwa a loma ɗaya ka ba ta duka. Jinin ya faɗi ƙasa warwas, bai isa ƙwaƙwalwa ba."

"To don me ba su faɗa ba?"

"Sun faɗa, Baba." Ta ɗora yatsa a kan rubutun da ke jikin kwalin maganin da na zo da shi. Na ƙura wa baƙaƙen layukan ido. Wata uku kwalin nan yana aljihuna.

Na ce ta nuna min abin da zan ɗauka, ko wanda zan je in ɗauko, ko jinina za a ɗiba. Ta ce in zauna a benci. Na zauna. Kwana tara ina zaune.

Eduvigis ta dawo gida da ranta. Bakin ne bai dawo ba, haɗiya ma da ƙyar. Suka canza mata magani, wata farar ƙwaya mai tsaga a tsakiya. Yuderka ta miƙo min ta ce, "Wannan kam, daka za ka yi." Sai da na sa ta maimaita sau uku.

Kullum da safe ina dakawa a turmin nan. In na gama ba ta, sai in ja kujera gabanta in soma labarin guguwa. Yanzu cewa nake rufi uku na danne, ni kaɗai, da hannu ɗaya. Jiya na kai shi biyar. Na tsaya, na ba ta wuri ta ƙaryata ni. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, leɓenta na ƙasa yana motsi.