Na'Allah Ya Bi Mai Ganganci Har Binin

Bayan wata motar shinkafa ta murƙushe tumakin mutane a bakin kasuwar Bagudo, manyan tasha suka zauna suka kafa kwamitin hana tuƙin ganganci. Shugabanci ya faɗa hannun Na'Allah, tsohon direban da babu katangar garin da ba ta san goshin motarsa ba. Suka ce ai mugu shi ya san makwantar mugu. Aka ba shi usur da riga mai ƙyalli da wata tsohuwar akori-kura, aka ce duk wanda ya ga yana gudun wuce sa'a ya ƙwace makullinsa.

Ranar kasuwa yana tsaye a bakin titi, sai Mudassiru ɗan kabu-kabu ya wuce shi fuuu a kan babur, ɗauke da Kubura mai kifi da kwandonta. Na'Allah ya busa usur har jijiyar wuyansa ta tashi. Yaron ko waiwaye. Na'Allah ya faɗa mota ya take masa baya.

Kafin su kai garin Tsamiya, Na'Allah ya bi ta kan shanyar shinkafa, ya kifar da amalanken albasa, ya sa wani tsoho da kekensa sun kwana cikin kwalbati. Duk wanda ya ɗaga masa hannu sai ya leƙo ya ce, "Ku kauce, doka ce!"

Mudassiru ya hango mota a madubi tana cin ƙasa, ya ɗauka masu satar mutane ne, ya saki titi ya kama ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki. Na'Allah ya bi. Bai farga sun bar Najeriya ba sai da ya yi karo da gangar shingen jandarmomin Binin, ta yi sama ta dawo kan tukunyar shayinsu.

Aka fizgo shi ta kwalar rigar ƙyallin. Babban jandarma ya yi ta zuba Faransanci.

"Ranka ya daɗe, ni as shugaban kwamiti," in ji Na'Allah. "Wancan yaron nika bi, ganganci shika yi!"

Babu wanda ya gane. Aka nemi tafinta, ba a samu ba sai Mudassiru, wanda kullum yake tsallakowa da fasinja.

"Baba, ya ce wa ya koya maka mota?"

"Hwaɗa mishi tun ba a haife shi ba nika tuƙi!"

Mudassiru ya juya ya yi magana. Jandarma ya girgiza kai.

"Ya ce to lallai Allah na son mutanen Bagudo, tunda har yau akwai saura."

Kubura ta sauke kwandonta ta gyara ɗaurin zani. "Ku riƙe shi da kyau! Wanga dattijo tun gida yaka son kashe mu."

Nan Na'Allah ya kwana a kan benci, sauron Binin na yi masa barka da zuwa. Washegari manyan tasha suka zo suka yi ta ba da haƙuri, aka sake shi.

Da suka dawo, kunya ta hana su faɗin gaskiya. Suka tara direbobi suka sanar cewa shugaba ya je ƙasar waje ƙaro ilimi kan dokokin hanya, don haka daga yau shi zai riƙa koya wa sababbin direbobi tuƙi. Aka yi tafi. Mai albasar da aka kifar wa amalanke ya ɗaga hannu zai yi magana, aka ce a shafa fatiha.