Ninkin Mai Guga

Shekara bakwai ana kiranta 'Yar Kwalisa a otal ɗin da take aiki, kuma ba ta taɓa cewa a daina ba. A teburin tarbar baƙi take zama, daga safe zuwa la'asar. Otal ɗin ba shi da kayan ma'aikata na dole, kowa abin da ya samu yake sakawa, in dai da tsafta. Ita kuwa kullum ta shigo sai an waiwayo. Yau riga mai manyan furanni da siket mai siririn ratsi, haɗin da in wata ta gwada sai a ce labule ta yafo. Gobe ruwan toka sama da ƙasa, sai ɗankwali ruwan goro ya tashe shi. In an tambaye ta yadda take yi, sai ta yi murmushi ta ce, "Ido ne kawai."

Ƙarya ce, ko da yake ba irin wadda mutum yake zama ya shirya ba. Mace ce mai 'ya'ya uku da miji mai fita da sassafe, ba ta da minti biyar na tsayawa gaban madubi. Duk Asabar takan kai kayanta shagon wani dattijo mai wanki da guga a bakin layinsu, ta karɓo ranar Lahadi. Shi kuma ba ya ware riguna gefe guda, siket gefe guda, yadda sauran masu guga suke yi. Riga yake sakawa cikin siket, ya naɗe su da ɗankwali, ƙunshi shida, ɗaya kan ɗaya. Da safe ta ɗauki na sama ta saka ta fita. Ta san da haka sarai. Ba ta dai taɓa tsayawa ta tambayi kanta abin da hakan yake nufi ba, don yabon yana yi mata daɗi.

Wata Litinin Manaja ya kira ta ofishinsa.

"Mai otal ta gaji da ganinmu kowa da kalarsa," in ji shi. "Za a ɗinka wa kowa kayan aiki. Kashi uku: ku masu tarbar baƙi, masu kai abinci, da masu gyaran ɗakuna. Ba ta son launi ɗaya zalla kamar asibiti. Na ce mata muna da gwana a gida. Ranar Juma'a ki kawo samfur. In ta yaba, kujerar shugabar masu tarbar baƙi taki ce."

Kujerar nan wata uku ke nan babu kowa a kai. Mai ita ba ta aikin Asabar, kuma tana tashi da wuri, daidai lokacin ɗauko yara daga makaranta. Mutum biyu ne suke sa rai: ita, da wata da ta riga ta fara aiki da shekara huɗu, wadda ake kira Mai Makulli don ita ke riƙe da makullan ɗakuna.

"An gama, ranka ya daɗe," in ji ta.

Da ta tashi ta wuce kasuwa. Mai yadi ya yi ta saukewa yana bazawa a kan kanta, Hajiya ga wannan, Hajiya wannan jiya ya iso. Kowanne ta kalla shi kaɗai yana da kyau. Da ta haɗa biyu sai kanta ya ɗaure. Ta zaɓi waɗanda suka fi burge ta, aka yanko mata ƙyallaye shida.

A gida ta jera su a kan gado. Mijinta, mai gyaran firij ne, ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya tsaya.

"Wannan jan da koren na su waye?"

"Masu kai abinci."

"To baƙon ci zai yi ko rufe ido?"

"Ka ga, Baban yara, ba na son wasa."

"Ranki ya daɗe, ni firij na sani. Amma ko ni na ga waɗannan biyun faɗa suke yi. Ba ke ce 'Yar Kwalisa ba? Yi musu irin wanda kike yi wa kanki mana."

Ta juya ta kalli ƙunshin kaya biyar da suka rage a kan akwati. Ta warware ɗaya: riga shuɗiya mai ɗigo-ɗigo fari, siket ruwan ƙasa mai gida-gida. Ita ta saye su, wannan bara, wancan tun tana goyon na biyu, kuma ko a mafarki ba ta taɓa tunanin za su zauna tare ba.

Mutumin kirki a nan zai je ya ce, na gano ba ni ba ne, taimake ni. Ita ba haka ta yi ba. Washegari da yamma ta je shagon da ƙyallayen a jaka da wata ƙaryar a baki.

Shagon rumfar kwano ce, da tebur mai shimfiɗe da bargo da farin zani a kai. Dutsen guga biyu ne na gawayi, ɗaya a hannu, ɗaya yana ɗaukar zafi a kan bulo. Dattijon yana tsoma yatsu a kwanon ruwa yana yayyafa wa wata farar riga.

"Sannu da aiki, Baba."

"A'a, 'yata, yau Talata. Lafiya?"

"Lafiya lau. Wata ƙawata ce aka sa ta zaɓen yadi a wurin aikinsu, na ce bari in nuna maka, ko da abin da za ka ce."

Ya ajiye dutsen a kan marfin gwangwani, ya karɓi ƙyallayen, ya ɗaga jan da koren sama ya kawar da kai.

"Allah ya ba ƙawar taki lafiya. Wane aiki masu sakawar suke yi?"

Ta gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, bai tambayi yadda aka yi ƙawar ma a otal take aiki ba.

"Zauna," in ji shi, ya tura mata benci da ƙafa. Ya zaro wata atamfa daga cikin kayan mutane ya shimfiɗa. "Kaya biyu ba sa magana lokaci guda. In wannan yana ihu, wancan ya yi shiru. Babban fure yana zama lafiya da siririn ratsi. Babba da babba kuwa dambe ne. Yanzu duba cikin furen nan, wane launi ne ya fi ƙanƙanta?"

Ta sunkuya. "Wannan ɗan rawayan na tsakiya."

"Shi za a nemo a yadi marar ado a ɗora. Sai a ga kamar tare aka haife su. Wannan na yawo ke nan. Kayan aiki kuma wata magana ce." Ya ɗaga yatsa. "Masu gyaran ɗaki, da ruwan wanke banɗaki suke wuni, mai cin launin nan. Ki ba su shuɗi mai duhu zalla, sati biyu duk ya yi tabo fari-fari. Ki ba su ƙananan ado masu yawa, da fari a ciki tun asali, tabon ya ɓace a cikin 'yan'uwansa. Masu kai abinci, kada hannun riga ya yi faɗi, kuma duhun ya kasance a gaba, nan maiƙo yake sauka. Masu zama bayan tebur, daga ƙirji zuwa sama ake ganinsu. Adon ya hau sama, ƙasa ya yi shiru."

"Baba, a ina ka koyi duk wannan?"

"A kan teburin nan. Shekara talatin ina kallon inda kaya suke mutuwa. Ki ba ni rigar mutum, in gaya miki aikinsa." Ya koma ya ɗauki dutsensa. "Gobe ƙawar taki ta kawo ƙyallaye da yawa, kamar ashirin. Kada ta zaɓa. Ta dai kawo."

Ranar Laraba ta kawo. Ya ture aikinsa gefe, ya jiƙa su, ya cuɗa kowanne sau da yawa da sabulu. Bakwai suka zuba, ya jefar. Sauran ya shanya, ya goge, ya yi ta juya su a kan farin zanin kamar mai wasan karta, har ya fitar da haɗi uku. Sannan ya ce a kai su wurin aikin a duba a ƙarƙashin fitilar wurin, don hasken rana daban, na ƙwan lantarki daban. Ta kai. Ruwan madarar da ya zaɓa wa masu tarbar baƙi ya koma kamar tsohuwar takarda a ƙarƙashin fitilun otal ɗin masu ja-ja. Ta dawo ta faɗa masa, ya canza shi da fari mai ɗan shuɗi-shuɗi.

Ranar Juma'a aka taru a ɗakin taro: Mai otal, dattijuwa mai ƙarancin magana, da Manaja, da Mai Makulli a gefe tana riƙe da littafin rubutu. 'Yar Kwalisa ta jera ƙyallayen a kan tebur. Mai otal ta saka tabarau, ta murza kowanne tsakanin yatsu.

"Me ya sa na masu gyaran ɗaki ya cika ado haka?"

Ta yi bayanin ruwan banɗaki, kalma bayan kalma yadda ta ji. Ta yi na hannun riga. Ta yi na fitila.

"Ban gaya miki ba?" in ji Manaja. "Baiwa ce."

"Na gani," in ji Mai otal. "Duka ukun sun yi. Kuma tunda haka ne, labulayen ɗakuna da zannuwan gado da kujerun falo, duk za a canza su bana. Ita za ta riƙa zaɓa. Kujerar kuma, Manaja, a rubuta mata takarda."

Mai Makulli ta sunkuyar da kai ta rubuta.

Ba zan ce tsantsar tsoron Allah ne ya motsa 'Yar Kwalisa ba. Da tsoron tonon asiri a ciki: ta hango kanta tana safa da marwa zuwa rumfar kwano da labule a jaka, kullum da sabuwar ƙawa. Amma ta kuma hango dattijon durƙushe a kan baho yana cuɗa ƙyallayen da ba nasa ba, rigunan mutane na jiransa. Ta kalli hannun Mai Makulli yana rubuta sunanta.

"Ranki ya daɗe, a dakata da takardar," in ji ta. "Ba ni na zaɓa ba."

Mai Makulli ta ɗago kai daga littafin.

"Mai gugan layinmu ne. Duk abin da na faɗa yanzu daga bakinsa na ɗauko. Kayan da nake sakawa ma, tun da na fara aiki a nan, shi yake haɗa mini. Ni ɗauka kawai nake yi in saka. Abin da na zaɓa da kaina ranar Litinin, mijina ma dariya ya yi."

Manaja ya saki baki. "Shekara bakwai?"

"Bakwai, ranka ya daɗe."

Mai otal ta cire tabarau ta kalle ta. "Yadin za a saya," in ji ta. "Maganar kujera zan yi tunani."

Ta yi tunanin, kuma ranar Litinin aka ba Mai Makulli. Ba zalunci aka yi ba. Don idon haɗa kaya aka yi wa 'Yar Kwalisa alkawari, ta ce ba ta da shi, ɗayar kuma ta fi ta daɗewa. Kafin azahar labari ya zaga har kicin. Direban otal ya leƙo ta taga ya ce, "Anti, don Allah a ba ni lambar Baba, ni ma ina son in zama ɗan kwalisa." Ta yi dariya tare da su, ko da yake ta ji zafi. Aikin Asabar yana nan, yara kuma maƙwabciya za ta ci gaba da ɗauko su.

Da ta tashi ta tsaya a shagon. Ta gaishe shi, ta zauna a benci ba tare da an ce ta zauna ba.

"Baba, babu wata ƙawa."

"Na sani. Ƙawar da take zuwa da ƙafafunki."

Ta gaya masa komai, har kujerar. Yana cikin gugar zanin gado ya tsaya cak.

"Wa ya aike ki?" Ransa a ɓace yake da gaske. "Na ce ki ambace ni? Abin da na ba ki ai naki ne. Kin zubar da hutun Asabar saboda tsoho mai gawayi? Kai, yaran yanzu!"

"Baba, shekarata arba'in ba biyu."

"Shi ya sa abin ya fi ba ni haushi."

Ta bar shi ya gama faɗansa. Sannan ta ce, "Ba shawara na zo nema ba yau. Godiya na zo yi. Shekara bakwai kana fitar da ni kunya kullum safiya, ban taɓa ce maka ko sannu a kai ba. Na gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka."

Dattijon ya rasa inda zai sa idonsa. Ya buɗe dutsen ya hura gawayin da bai buƙaci hurawa ba.

"Amin," in ji shi can ƙasa. "Ni fa ba don ke na fara ba. Satin farko na ga kin wuce ta nan da haɗin da ya sa na yi salati. Na ce duk wanda ya gan ki zai ce ni na goge. Tashi ki kama mini bakin zanin nan."

Ta kama. Suka ja, suka haɗa kusurwa da kusurwa. Sai da suka ninke shi huɗu ya yi gyaran murya.

"Ita mai otal ɗin, wanne ta fi so?"

"Duka ukun. Ba ta canza ko ɗaya ba. Mutum talatin da biyu za su saka."

"Talatin da biyu." Ya ɗora zanin a kan tebur ya shafe shi da tafin hannu. "Ranar da suka fara sakawa ki gaya mini. Ba shiga zan yi ba. Ta ƙofar kawai zan bi in gani."

"Ni zan zo in ɗauke ka, kuma ta ƙofar gaba za mu shiga."

"Za mu gani," in ji shi, ya jawo zani na gaba.