Kututturen Ayaba a Madadin Waisoni

Tun da ruwan ya sauko daga kan dutsen Mulanje ya tafi da rabin ƙauyen, Enelesi ba ta da aiki sai bin bakin rafi da sanda. Inda duk taɓo ya yi tudu sai ta caka. Ta tono tukunyar wani, ta tono takalmin makaranta ƙafa ɗaya. Mijinta Waisoni ne dai ba ta tono ba.

Da safe abin ya faru, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Waisoni ya gangara ya kwance awaki daga turke. Sai aka ji dutse yana ruri, mutane suna ihun "Napolo! Napolo!", macijin nan da tsofaffi ke cewa in ya tashi ƙaura, duk abin da ke kan hanyarsa nasa ne. Enelesi ta ga duwatsu kamar ɗakuna suna birgima cikin jan ruwa. Awaki biyu suka dawo da kansu.

Waɗanda suka tsira suka koma ajin makaranta, ana raba musu garin masara. Ita ta ƙi zuwa. Ta zauna a abin da ya rage na ɗakinta, bango biyu da rabin rufi, ba mai yi mata magana sai kwaɗi.

Ranar da dangin mijin suka iso, ƙanensa Fanuwelo ya tsuguna a gabanta.

"Matarmu, kin rame. Da Yaya zai ganki haka, ni zai zaga."

"To jira shi, ya zo ya zage ka."

Gogo Nasimango, tsohuwar da ke wanke gawa a ƙauyen, ta matso.

"'Yar nan, an haƙa kabari. Wanda ruwa ya ci ba a gan shi ba, kututturen ayaba ake binnewa a madadinsa. Kowa ya rufe nasa, saura ke."

"Ni ba ayaba na aura ba, Gogo."

"Mun sani. Amma in ba a rufe shi ba, haka zai yi ta gararamba a rafin nan, ba ya cikin masu rai, ba ya cikin matattu. Mutanen nan gobe za su koma, kuma ba za a yi ba sai da yardarki."

Enelesi ta ɗauki sandarta ta tafi rafi. Ba kowa a can, masu nema sun daɗe da haƙura. Ruwan ya koma iya idon sawu, ya washe, kamar bai taɓa cin kowa ba. Ta caka nan, ta caka can, har rana ta karkata.

Da ta dawo sai ta tarar sun sare kututturen sun kwantar a kan tabarma, suna zaune suna jiranta. Ta tsaya daga nesa. Kututturen ya zarce tabarmar ta kai da ta ƙafa.

"Wa ya sare wannan?"

"Ni ne," in ji Fanuwelo.

"Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba ka san yayanka ba? Yaushe Waisoni ya yi wannan tsawon? Mutumin da sai ya taka turmi yake ɗebo masara a rumbu?"

Wani ya yi dariya, ya yi maza ya haɗiye ta.

"Ku miƙar da shi tsaye," in ji Enelesi.

Suka miƙar. Ta matsa har kafaɗarta ta taɓa sanyin ɓawon, ta sa hannu daidai kunnenta, inda kansa yake tsayawa, ta yi alama da farce. Ta karɓi adda ta sare da kanta, ruwan ayaba yana bin hannunta har gwiwa.

"Yanzu ku naɗe shi."

Gogo ta naɗe shi da farin ƙyalle, mata suka ɗauki waƙar coci a hankali. Mutum biyu suka ɗaga shi ba tare da nishi ba. Enelesi ta bi su a can baya, rungume da guntun da ta sare, ta rasa inda za ta ajiye shi.