Ƙuri'ar Verna a Kan Rumbu

Mutanen Kelmont ba sa ce masa zauren wasa. Rumbu suke ce masa, don manoman alkama ne suka gina shi da hannunsu bayan yaƙi, kuma ba su san wani fasalin gini ba sai irin wanda suke zuba hatsi a ciki. Tun Verna Demchuk tana jaririya ake zuwa da ita wurin. Ubanta yana cikin waɗanda suka ɗora katakon rufin, uwarta ta tsufa tana sayar da gahawa a ɗan shagon bakin ƙofa, yayanta Orest kuwa shi ne golan da ya tsare ragar garin shekarar da suka ci gasar lardi ta hoki, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara. Har zuwa lokacin rigarsa tana rataye a saman filin, ta koɗe ta zama kalar toka.

To, Rumbu ya tsufa. Rufi yana yoyo, bututan da ke daskarar da ƙanƙarar filin sun ci tsatsa, in an cika wurin har benen 'yan kallo yakan yi ƙara kamar tsohon gado. Injiniyoyi suka duba suka ce zaɓi biyu ne: ko a gyara rufi da bututu a ci gaba da lallaɓawa, ko a rushe a gina sabo a wurin. Majalisar gari ta rabu biyu daidai, ƙuri'a ɗaya ta rage, ita ce ta Verna, wadda ta zama kansila bayan ta bar koyarwa, tana zaton aikin bai wuce maganar fitilun titi da kwashe dusar ƙanƙara ba.

Lokacin sanyin nan ba ta iya sayen burodi cikin kwanciyar hankali. Duk inda ta juya sai wani ya tare ta. Wanda ya fi matsa mata shi ne Clovis Lapointe mahauci, abokin Orest tun ƙuruciya, wanda ya lilliƙa takardu a tagar shagonsa an rubuta a bar musu Rumbunsu.

"Verna, ke ba sai an roƙe ki ba," in ji shi, yana naɗe mata nama. "Jinin gidanku ne a katakon nan. Ki rushe shi ki kalli idon Orest da me?"

"Ka cika mini awon dai, Clovis, ka daina wa'azi."

"Na cika har na ɗora. Ki gaida mini Kwando, ki ce ina nan tafe ranar Laraba."

Kwando shi ne sunan da yake tsokanar Orest da shi, wai komai aka buga masa sai ya wuce. Shi kuma Orest Kunkuru yake ce masa, don bai taɓa iya gudu a kan ƙanƙara ba.

Gaskiya Verna ta riga ta yanke a zuciyarta gyara za ta zaɓa, kuma saboda Orest ne. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ta ɗauko shi ya dawo gidanta, tunda matarsa ta rasu, 'yarsa kuma tana can wani lardi mai nisa. Yana wuni a keken guragu a gaban taga, maganarsa tana fita a hankali kamar ana jawo ta da igiya. Ciwo ya karɓe masa hannu da ƙafa. Ta ce a ranta ba ita za ta karɓe masa Rumbu ba. Shi dai bai taɓa cewa uffan a kan maganar ba. In wasa ya zo sai ya kunna rediyo ya rufe ido.

Asabar ɗin da ke gaban zaman majalisa ta ce masa, "Yau ba rediyo. Tashi mu je ka gani da idonka."

"Tashi, wai," in ji shi, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. "Da na iya tashi ai da na gudu daga girkinki."

Ta sa masa babbar rigar sanyi, ta ɗaure masa gyale a wuya, suka tafi da rana tsaka.

A bakin Rumbu ne ta fara ganin abin da ta yi shekaru tana wucewa ba ta gani. Matakala ce tun daga ƙofa, sannan wata doguwa mai tsini zuwa benen 'yan kallo. Clovis ya kira wasu ƙarti suka ɗaga keken sama kamar buhun hatsi, ana ta "a hankali, a hankali," Orest ya riƙe hannun keken da hannunsa mai lafiya har jijiyoyi suka fito. Da suka ajiye shi a ƙarshen layin kujeru, mai sanarwa ya hango shi ya kira sunansa, jama'a suka miƙe tsaye da tafi. Tsofaffi suna ta zuwa suna dafa kafaɗarsa. Verna ta ji hawaye ya cika mata ido. Ta ce a ranta, shi ke nan, gyara ne.

Ya kalli wasan kamar mai jin yunwa. Golan garin ya fita daga ragarsa da yawa aka zura masa ƙwallo, Orest ya girgiza kai.

"Ka ga magajinka can," in ji Clovis. "Kwando ya haifi kwando."

"Da irinka ne a gabansa," Orest ya ja maganar, "da tuni an ci shi goma."

Ana tsakiyar zagaye na biyu ya taɓa hannunta. Ta sunkuya, ya raɗa mata yana son bayan gida. Sai a lokacin ta tuna bayan gidan Rumbu a ƙarƙashin ƙasa yake, ta wata siririyar matakala mai kwana, wadda ko mutum biyu ba sa jerawa. Ta nemi ƙartin nan, biyu sun tafi sayen abinci. Kafin a tattaro su, a sauko da keken daga bene, a gane ba zai shiga kwanar ba ko an karkata shi, abin da ake gudu ya faru, a nan cikin lungun da mutane ke kai da kawowa.

Orest ya sunkuyar da kai.

Clovis ne ya fara gani. Ya tuɓe doguwar rigarsa ya shimfiɗa masa a cinya har ƙasa, ya daka wa mutane tsawa, "Ku ba da hanya, sanyi ya kama shi!" Shi da kansa ya tura keken har mota, cikin iskar nan mai yanka kunne, daga shi sai 'yar shara.

A gida Verna ta haɗa ruwan ɗumi ta wanke yayanta, ta sauya masa kaya, duk ba wanda ya kalli wani. Da ta gama ta ɗumama firogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa ta ajiye masa. Ya daɗe yana juya cokali.

"Laifina ne," ta ce. "Ban yi tunani ba."

"In an gyara, bayan gidan zai hau sama?"

Ta riga ta karanta tsarin. "A'a. Sun ce ba wurin da za a sa shi sai an fasa bangon da ke ɗauke da rufi. Za su ware wa masu keke wuri a ƙasa, kusa da ƙofa."

"Bayan ginshiƙi, inda ba a ganin filin."

"Bayan ginshiƙi," ta amsa.

Ya ɗan ci. Sannan ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "Yau kin ga Elmer, abokin wasanmu, a wurin? Kin ga Hazel, mai ɗinka mana riguna? Duk suna gida, kunne a rediyo. Ba mu tsufa da son wasan ba, Verna. Ƙofar ce ta fi ƙarfinmu."

"Don me ba ka faɗa ba tun tuni?"

"Ƙuri'arki ce. Kuma kunya nake ji. Kowa yana cewa don ni ake faɗan."

Ta zauna kusa da shi. "To Baba fa? Hannunsa ne a katakon nan. Na san wanda ya sa wa alama da wuƙa."

Orest ya yi wani sauti, sai daga baya ta gane dariya ce. "Baba? Baba da ya sa tarakta ya ture gidan da aka haife mu a ciki yana fito, Mama tana kuka? Cewa ya yi gida na masu rai ne." Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nata. "Ban ce ki yi don ni ba. Wataƙila ma ban ga sabon ba. Amma kar ki bar shi tsaye da sunana."

Ta daɗe riƙe da hannun. Sannan ta tashi ta wanke rigar Clovis ta shanya a kusa da murhu.

Ranar zama zauren majalisa ya cika har waje. Aka yi ta magana, wasu na kuka, wasu na buga tebur. Da magajin gari ya kira sunanta, Verna ta miƙe. Ba ta ambaci Orest ba, ba ta ambaci Asabar ba. Cewa ta yi iyayensu sun gina Rumbu ne don duk garin ya samu wurin taruwa in sanyi ya rufe hanya, yanzu kuma akwai mutanen garin da ba sa iya shiga, kuma gyara ba zai shigar da su ba. Ta ce ta zaɓi a gina sabo, da sharaɗin ƙofarsa ta kasance daidai da ƙasa, kuma a kai ta ga tsarin bayan gidan da idonta kafin a zuba harsashi.

Wasu suka yi dariya da jin sharaɗin, wasu suka yi mata ihu. Wata mata da suka yi makaranta tare ta kira ta maciya amana. Verna ta nemi Clovis da ido. Yana can baya, takardarsa a naɗe a hannu, bai ɗaga ta ba, bai kuma tafa ba. Ya sa hula ya fita.

Ya ɗauki makonni ba ya yi mata wasa a shago. Zai auna nama ya miƙa, ya ce a gaida gida. Amma ko Laraba ɗaya bai fasa zuwa wurin Orest ba. Sukan buga karta, shi yake riƙe wa Orest nasa yana leƙawa. Wata rana da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi.

"Har yanzu ina ganin kin yi kuskure," in ji shi, bai ɗago ba. "Sabon nan zai yi kyau, amma ba zai yi wari irin namu ba."

"Warin jiƙaƙƙen safa kake kewa?"

"Shi ɗin," ya ce. "Amma da ni ne a kujerarki, ban san me zan yi ba."

Da bazara ta matso, kafin a narkar da ƙanƙarar filin karo na ƙarshe, aka buɗe Rumbu wuni guda kowa ya shiga ya yi zamiya. An buɗe babbar ƙofar baya, wadda motar share ƙanƙara ke bi, don haka ba a ɗauki kowa sama ba. Elmer ya zo da sandarsa, Hazel ta zo jikokinta na riƙe da ita. Aka sauko da rigar Orest aka ɗora masa a kafaɗa, Clovis ya ɗaura tsofaffin takalman zamiyarsa ya tura keken tsakiyar fili.

"Da sauri mana, Kunkuru!"

"Ka rufe mini baki, ko in jefa ka a raga. Karon farko ke nan da za ka tare wani abu."

Verna tana tsaye a bakin fili tana kallonsu, sai Hazel ta miƙo mata takalman zamiyar jikarta ta ce ta gwada, girman ɗaya ne. Ta daɗe rabonta da zamiya. Ta ɗaura, ta dafa katanga, ta saki, ta yi taku kaɗan ta zube zaune daɓas. Yara suka kwashe da dariya. Clovis ya juyo da keken suka nufo ta, Orest yana dariya har da tari.

"Kama nan," ya ce mata, yana nuna bayan keken da haɓa. "Ki jingina da mu."

Ta kama hannun keken ɗaya, Clovis ya kama ɗaya, suka zagaya filin a hankali. Ruwan rufi yana ɗiga a kan ƙanƙara nan da can, suna kauce masa.