Sinte a Zauren Mato

Tun da Sulemana ya shigo da akwatin kiɗan nan Zongon Lome, mahaifinsa Mato bai sake zama wuri ɗaya ba. Sinte ake kiran abin. Aro aka ba yaron don ya shirya wa gwaji, saboda ƙungiyar kiɗan jam'iyya na neman makaɗi. Mato kuwa ya san wanda aka ɗauka ba ya ƙara zama na gidansu. Yau garin Kara, gobe Sokode, in ka ce ka gaji a tambaye ka wa kake ƙi.

"Baba, saurara," in ji Sulemana, yana murɗa wani maɓalli. "Da murya ɗaya ake farawa. Ka rage mata kaifi da wannan maɓallin, filtir, sannan ka buɗe a hankali. In ka ɗora ta biyu, ka ɗan karkatar da ita kaɗan, sai sautin ya yi kauri."

"Kauri! Rumfar takalman fa, wa zai zauna mini?"

"Kayya, Baba. Don Allah dai kada kowa ya taɓa. Abin ba ya ajiye komai a kansa, maɓalli ɗaya ya goce, aikin ya rushe."

Da aka kira la'asar yaron ya tafi masallaci. Mato ya shiga zaure inda sinten yake ya fito, ya sake shiga. Hana yaron zuwa gwajin ba zai yiwu ba, kafin magariba maganar ta kai ofishin jam'iyya. Amma in ya faɗi gwaji, laifin wa? Ya ɗage mayafin da aka rufe sinten da shi, ya murɗa wannan maɓalli dama, wancan hagu, ya tura wani dogo har ƙarshe, ya mayar da mayafin.

Bai kai ƙofa ba sai ga Sulemana tare da Tchakoura, shugaban makaɗan, mai ƙaton tumbi da hoton jam'iyya a ƙirji.

"Baba Mato, ina wuni? Bari mu ji ɗan naka, ina sauri."

Sulemana ya danna. Wani sauti ya taso daga ƙasa-ƙasa kamar igiyar teku a gaɓar Baguida, ya kumbura, ya yi ta rawa, har kwanukan cikin gida suka amsa. Yaron ya daskare. Ya dubi maɓallan, ya ɗago ya dubi mahaifinsa.

"Wallahi ba haka na..." in ji Sulemana, ya kai hannu zai gyara.

"Kai, cire hannunka!" Tchakoura ya daka tsawa. "Ƙungiyoyin kiɗan Lome duka na zagaya, ban ji wannan ba. Da shi za mu buɗe taro." Ya zaro alli ya bi kowane maɓalli yana yi masa alama. "Baba, ka haifi ɗa! Ranar Asabar motar Kara za ta tashi, a haɗa masa kaya."

Mato ya buɗe baki, idonsa ya sauka kan hoton da ke ƙirjin mutumin.

"Allah ya sa albarka," ya ce.